Kira na Uku

Gidan Maiwada Gado da ke Kashin Zama ba gidan rashi ba ne. Akwai rumbun gero biyu, da shanun huɗa, da fadamar da albasa ke yin kai kamar dunƙulen hannu. Mutum biyar ke kwana a cikinsa: Maiwada da matarsa Hauwa'u, 'yarsu Iklima mai shekara goma sha ɗaya, Sirajo ɗan goye, sai tsohuwa Tasalla mahaifiyar Maiwada. Abu biyu gidan ya rasa. Na farko idanun Tasalla, waɗanda farar yana ta rufe yau shekara huɗu, har ta kai da tafin hannu kawai ta san fuskar Sirajo. Na biyu mai karanta takardar boko. Ko kuma a ce akwai mai karantawar, ba a dai san da ita ba, domin Iklima tana aji biyar, amma a gida ana kallon karatunta kamar wasan 'yar tsana.

Tsakiyar damina wata ƙungiyar likitocin ido ta sauka a Jega. Suka turo wani matashi mai suna Abdulbasit, wanda ya tashi a Kaduna, yana bin ƙauyuka a kan babur. Ya haska wa Tasalla 'yar tocila a ido, ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta, ko kuɗin allura ba za a biya ba.

Tasalla ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah shi yi maka albarka, ɗana. A ba waɗanda sunka fi ni buƙata tukuna.”

A rugar da aka haife ta, can wajen Maiyama, an rene ta a kan cewa mutum ba ya miƙa hannu a tayin farko. Ko tuwo aka ajiye mata a gidan mutane, sai an ce mata bismilla sau uku. Na farko gaisuwa ce, na biyu kara ce, na uku shi ne ke nuna mai bayarwa da gaske yake.

Bayan mako biyu Abdulbasit ya dawo, Iklima tana makaranta. Tasalla ta sake cewa a bari dai a gani. Ya sa mata takarda a hannu, ya ce a karanta, ya tayar da babur. Tun a ranar tsohuwar ta sa Hauwa'u ta wanke mata zanenta mai ganye-ganye, aka ninke shi cikin kwalla tare da sabon takalmin da ba ta taɓa sawa ba. Daga nan duk babur ɗin da ya bi ta ƙofar gida sai ta ɗago kai, ta karkata kunne, har ƙararsa ta ɓace.

Ita kuwa takardar, Maiwada ya juya ta gaba da baya, ya ga mai kauri ce, ba ta shan danshi. Ya naɗe irin albasarsa mafi kyau a ciki, ya ɗaure da zare, ya soke a rufin ɗaki.

Ranar Asabar ɗin da za a yafa iri, ruwa ya sauka da asuba ya ɗauke. Iklima ta bi mahaifinta fadama da ƙwarya a ka. Yana gyara fangali, ita kuma ta kwance ƙullin, ta juye baƙin irin cikin ƙwarya. Har za ta yar da takardar sai ta ga sunan kakarta a jiki. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta goge ƙurar iri da bayan hannu. A can sama akwai harufan Turanci biyar da jan tawada, manya-manya.

Ta san su. Shekaranjiya Alhamis Malama Munira ta rubuta su a allo, ta ce a maimaita: fainal. Ta tambayi inda aka taɓa jin kalmar, maza suka ɗau ihu suna cewa a ƙwallo, wasan da ake ɗaukar kofi. Wata ta ce jarrabawar 'yan aji shida. Malama ta ƙara da hukuncin babban alƙali, da takardar gargaɗin da ofis ke aikowa idan ya gaji da aike.

“Wurare da yawa take shiga,” in ji Malama, “amma aikinta ɗaya ne. Duk inda kuka gan ta, ku leƙa bayanta, ba za ku ga kowa ba. Tana shiga ake rufe ƙofa.”

Iklima ta ɗaga hannu a ranar, ta ce, “Malama, ko an ba da haƙuri?”

Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce, “Ko an ba da haƙuri, Iklima.”

Yanzu ga kalmar a cinyarta, ga sunan Kaka a ƙarƙashinta. Ta bi layukan da yatsa. Wasu kalmomin sun fi ƙarfinta, amma ta gane ido, ta gane Jega, ta gane ƙarfe goma sha biyu. Ta gane kwanan wata kuma, domin ita ke rubuta shi a kusurwar allo kowace safiya. Jiya ta rubuta ashirin. Takardar ta ce ashirin da ɗaya. Sai ta miƙe zumbur.

“Baba! Baba, yau ne!”

Maiwada bai ɗago ba. “Mi ne ne yau?”

“Aikin idon Kaka. Sun ce yau ne na ƙarshe, ƙarfe sha biyu. In ba ta zo ba shi ke nan.”

“Wa ya ce?”

“Takardar irin.”

Ya dogara da fartanya ya dube ta, ya yi murmushi. “Ke Iklima. Ni da nika kai albasa kasuwar Aliero, sau nawa nika ce ma dillali na ƙarshe ke nan, in juya baya, shi kira ni, mu sake zama? Maganar ƙarshe ai ƙanne gare ta. Yaron zai dawo. Miƙo ƙwaryar.”

“Baba, wagga ba ta da ƙanne. Malama ta ce ko an ba da haƙuri.”

“To, Malama ta ji. Bari mu rufe fangalin ga kafin ƙasa ta sha iska.”

Ta miƙa ƙwaryar. Ya yafa iri, ya bi da yashi, ya rufe da ciyawa, a tsanake kamar yadda ya saba. Ya shiga fangali na biyu. Iklima ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. Sai kawai ta tsaya a kan kunyar fangali da takarda a ƙirji, hawaye na zuba, ba ta share ba. Da ya juyo ya gan ta a haka, murmushin ya bar fuskarsa. Ya ciro waya daga aljihu ya duba. Goma saura kwata.

“Ba ni tada tsohuwa a kan karatun yara,” ya ce. “Hau babur, mu tahi wajen malamar taku.”

Hanyar Aliero ta jiƙe, babur na wutsil-wutsil a cikin taɓo. Sun sami Malama Munira tana shanya a tsakar gida. Ta fito zaure da mayafi, aka gaisa, Maiwada ya fara tambayar iyali da ruwan da aka samu. Iklima ta kasa jira, ta cusa mata takardar. Malama ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Sai ta ɗago.

“Baban Iklima, tun yaushe takardar nan take hannunku?”

“Za ta yi sati uku.”

“Innalillahi. Sun ce sun ajiye wa Tasalla Gado gurbi har ƙarfe goma sha biyu na yau. In lokacin ya wuce za su ba wani, kuma yau suke tashi.” Ta dubi Iklima. “Ke kika karanta?”

“Ni ce, Malama.”

“Daidai kika karanta. Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba.”

Malama ta kira lambar da ke ƙasan takardar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ta ce, “Kada ku tsaya sallama da ni. Ku tafi.”

Da suka koma Kashin Zama sha ɗaya ta gota. Tasalla na zaune a tabarma bakin ɗakinta, Sirajo a cinyarta yana jan carbinta. Maiwada ya durƙusa gabanta yana haki.

“Inna, tashi mu tahi Jega. Yau anka ce za a yi aikin.”

“Yaron ya zo?”

“Bai zo ba.”

“To wa ya kira ni?” Ta gyara zama. “In kwashi ƙafa in tahi wurin mutane ba su aiko ba? Su ce tsohuwar ga dama jira take? Maiwada, ban haife ka don ka kai ni inda za a ga kwaɗaina ba.”

“Inna, lokaci...”

“Sau biyu ya zo. In da gaske suke, shi zo na uku.”

Maiwada ya dubi Hauwa'u, Hauwa'u ta dubi ƙasa. Duk gidan ba wanda ya taɓa ɗaga murya a gaban tsohuwar. Iklima ta matso, ta kama hannun kakarta, ta ɗora shi a kan takardar. Har yanzu tana warin irin albasa.

“Kaka, taɓa. Kin tuna ya ba ki wagga?”

“Na tuna.”

“Ita ce na ukun. Su haka suke yi. Ba su dawowa da ƙafa, takarda suke bari. Sun kira ki tun sati uku, Kaka, kiran yana soke a rufin ɗaki.”

Yatsun tsohuwar suka tsaya cak a kan takardar. Ta shafa ta daga sama zuwa ƙasa, ta bi sawun ninkin da zare ya bari.

“Ashe ni anka yi ta jira?”

Ta janye hannunta daga takardar.

“Hauwa'u, buɗe kwallar.”

Su uku suka hau babur, Tasalla a tsakiya cikin zane mai ganye-ganye, Iklima a baya ta rungume ta don kada ta zame. Sabon takalmin ya matse tsohuwar, ta cire ta riƙe a hannu. Sau biyu suka sauka Maiwada ya tura babur ɗin ta cikin taɓo. Da suka hau kwalta ya murɗe shi iya ƙarfinsa, iska na dukan fuskar Iklima, tana ta lissafin bishiyoyin gefen hanya don kada ta tambayi ƙarfe nawa. Suna shiga Jega ta ji ladan yana gwada lasifika.

A harabar asibitin da likitocin suka sauka, an riga an kwance rumfa ɗaya, ana naɗe ta biyu. Ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro tsofaffi ne zaune jere, maza da mata, kowanne da farin ƙyalle manne a ido ɗaya. Iklima ta hango Abdulbasit yana ɗora kwali a bayan farar mota. Ta ja hannun kakarta suka nufe shi.

Ya gane su. Kwalin ya kusa suɓuce masa.

“Kaka? Ta Kashin Zama?”

“Ni ce, ɗana. Na amsa kira.”

Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi Maiwada, ya sake duban agogon. “Ɗaya saura minti goma. Kaka, har sha biyu da kwata na tsaya a bakin ƙofar can ina kiran sunanki. Sau uku na kira.” Ya sauke kwalin a ƙasa. “Amma ai kin ce ba kya so. Sau biyu na je, sau biyu kika ce ba kya so.”

“Ni?” Tasalla ta dafe ƙirji. “Ni na ce ba ni so?”

“Kin ce a ba waɗanda suka fi ki buƙata.”

“To ai haka aka cewa!”

Abdulbasit ya juya ya dubi Maiwada. Iklima ta ga da gaske bai gane ba, kuma ba mugu ba ne, idanunsa har sun kaɗa. Maiwada ya yi masa bayani da 'yar murya, kamar mai faɗin abin kunya: zanen da aka wanke, kwalla, yadda take karkata kunne ga kowane babur. Matashin ya dafe kai da hannu biyu.

“Wallahi da na sani da na dawo sau goma. Na ɗauka tsoron wuƙa take yi, ban so in matsa mata ba.”

“A ba da haƙuri, malam,” in ji Maiwada. “A taimaka a shigar da ita. Ko a ƙarshen kowa.”

“Baba, ba layi ba ne matsalar. Akwai ɗan gilashin da ake sa wa a cikin ido bayan an cire yanar. A ƙidaye muka zo da su, kowanne da sunan mai shi. Nata shi ne ya rage. Da ba ta zo ba...” Ya juya ya nuna ƙofa.

Wata ma'aikaciya ce ke fitowa riƙe da hannun wani tsoho siriri, rigarsa duk faci, sabon farin ƙyalle a idonsa na dama. Yana tafe yana ɗaga ƙafa sama-sama irin ta wanda ya daɗe bai ga ƙasa ba.

“Malam Idris ke nan, daga Dangamaji. Ba ya cikin jerinmu. Kwana uku yana kwana a gindin bishiyar can, ko wani zai fasa.”

Aka zaunar da tsohon a benci kusa da su. Ya ji ana maganar Kashin Zama, ya juyo da kai.

“Ita ce baiwar Allah da ta bar mani? Ina take?” Ya laluba iska da hannu. “Hajiya, an ce ke kinka ce a ba mabuƙata. Shekara bakwai ban ga ɗiyana ba. Gobe in an buɗe, wa zan fara yi ma addu'a in ba ke ba? Allah shi haskaka maki kamar yadda kinka haskaka mani.”

Iklima ta ji hannun kakarta ya yi sanyi a cikin nata. Ta ɗaga kai ta dube ta. Fararen idanun na kallon wani wuri sama da kan tsohon, takalmin na rataye a ɗaya hannun.

“Amin, malam,” ta ce. “Allah shi sa ka gan su lafiya.”

Daga nan ta zauna a ƙarshen bencin. Maiwada ya juya baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi. Iklima ba ta taɓa ganin haka ba, sai ta kawar da kai ta kalli masu naɗe rumfa.

Direba ya danna ham. Abdulbasit ya shiga motar ya fito da wani babban littafi, ya tsuguna a gaban Tasalla.

“Kaka, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban san ko za mu dawo baɗi ba, ba ni ke yankewa ba. Amma ana rubuta sunayen waɗanda suka rage, in an dawo da su ake farawa. In rubuta ki?”

Iklima ta ga kan kakarta ya fara sunkuyawa, yadda yake yi kullum. Ta ga leɓen ya fara haɗa kalmomin da ta sani, Allah shi yi maka albarka, ɗana, a bari dai. Ta matse hannun tsohuwar da ƙarfi, har sai da ta ji ƙasusuwan yatsunta.

Tasalla ta ɗago kai a hankali.

“Sau nawa za ka tambaya, ɗana?”

“Sau ɗaya, Kaka. Mota na jira.”

Tsohuwar ta juyo da fuska wajen muryarsa.

“Rubuta. Ina so. Ina son in ga Sirajo.”

Ya rubuta. Ya nemi lambar waya, Maiwada ya faɗa ba tare da ya juyo ba. Sai matashin ya dubi yarinyar. “Wa ya karanta muku takardar?”

“Ita,” in ji Maiwada. “Tun da hantsi ta karanta. Ni na tsaya yafa iri.”

Abdulbasit ya ƙara wani abu a gefen sunan, ya juyo da littafin don Iklima ta gani. Ya rubuta sunanta, da aji biyar.

A hanyar komawa Maiwada bai yi gudu ba. Tasalla ta sa takalmin duk da yana matse ta. A hankali suka wuce Aliero. Iklima ta kwantar da kunci a bayan kakarta, takardar na ninke cikin ɗankwalinta, tana jin bugun zuciyar tsohuwar ta cikin zane mai ganye-ganye.

A nan ta gane cewa tun a gida Kaka ta ce tana so har sau biyu da harshen kara, mai babur bai ji ba, takarda kuma ta ce ba za a sake kira ba, mutanen gida ba su ji ba. A duk gidansu ita kaɗai ce ke jin maganar Kaka kuma take jin maganar takarda.